Wai da gaske rancen ƙananan bankunan nan yana fitar da mutum daga talauci, ko dai ƙara nutsar da shi yake yi?

Tela_Mace:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema daga waɗanda suka san abin da kansu, ba masu ji a bakin wani ba. Ni tela ce, shekara shida kenan ina ɗinki da keke ɗaya tal, shi ma keken ya tsufa, rabin abin da nake samu a wajen mai gyara yake ƙarewa. Aiki kam Alhamdulillah akwai, har mayar da mutane nake yi don ba zan iya gamawa a kan lokaci ba, abin da ya tsaya min shi ne sabon keke da ɗan kuɗin da zan riƙa saro zare da yadi da yawa maimakon sayen ɗai-ɗai da nake yi da tsada.

To satin da ya wuce wasu ma'aikatan wani ƙaramin banki suka zo suka tara mu, suka ce mu haɗa kanmu mu biyar-biyar za su ba mu rance ba jingina ba komai, kowace ta tsaya wa 'yar'uwarta, biya duk sati har wata shida, ruwa kashi 3 cikin 100 a wata. Yadda suka tsara maganar kamar gobe za a wayi gari mun zama masu kuɗi. Ƙawayena biyu har sun cike fom, ni kuma zuciyata ta kasa kwanciya saboda na taɓa ganin wata da ta shiga irin wannan sai da ta sayar da kayan ɗakinta ta biya. A ɗaya ɓangaren kuma akwai wata ƙungiyar mata da suke tara kuɗi a tsakaninsu suna ranta wa juna, su ma sun ce in shigo, amma sai na yi wata da watanni ina zubi kafin a ba ni abin kirki.

Tambayata: shin akwai wanda irin wannan rancen ya fitar daga talauci da gaske? Ko labari ne kawai na masu banki? Wanne ya fi min?

Ɗan_Kasuwa_Ƙarami:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ni dai zan ce miki kar tsoro ya hana ki, domin abin nan ba jiya aka fara shi ba kuma asalinsa don irinku aka yi shi. Wani malamin jami'a ne a Bangladash, Muhammad Yunus, yana koyar da ilimin tattalin arziki a jami'ar Chittagong, da aka yi yunwar 1974 a ƙasar sai abin da yake koyarwa a aji ya fita daga ransa, ya riƙa shiga wani ƙauye kusa da jami'ar mai suna Jobra yana duba yadda talakawa ke rayuwa. A nan ya tarar da mata masu saƙa kujeru da gora, ba su da kuɗin sayen gorar sai sun karɓa a hannun dillali, shi kuma sharaɗinsa shi za a sayar wa kujerar a farashin da ya ga dama, ki duba fa, mace ta wuni tana aiki ribar duk ta tafi aljihun wanda bai taɓa gorar ba. Da ya yi lissafi a 1976 sai ya ga mutum 42 ne, kuma duk abin da suke buƙata su fita daga hannun dillalan bai wuce dala 27 ba. Dala 27 ga mutum 42! Ya ciro daga aljihunsa ya ba su, suka kuma biya shi.

Daga nan ne bankin Grameen ya samo asali, ya zama cikakken banki a 1983, kuma tsarin mutum biyar-biyar ɗin nan da aka kawo muku daga can aka kwaso shi. Kusan duk masu karɓar rancensu mata ne, sama da kashi 90 cikin 100. A 2006 aka ba shi da bankin kyautar Nobel ta zaman lafiya.

Ni kaina da rance na fara. Ba ni da gida ba ni da fili, wane babban banki ne zai kalle ni? Ko ƙofar ma ba zan wuce ba. Amma ƙaramin banki ya ba ni, na biya, suka ƙara min, na biya, a karo na uku na daina karɓa don jarin ya tsaya da ƙafarsa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, talaka ba rago ba ne, ruwan cikin ne babu.

Tsohon_Jami'in_Rance:

Malam ina taya ka murna, Allah ya ƙara buɗi, amma ka ba ta rabin labari. Ni shekara huɗu na yi ina wannan aikin na bin mata ana karɓar kuɗin sati, ba zan faɗi inda na yi ba, kuma abin da ya sa na bari shi zan faɗa miki Hajiya.

Fara da lissafin ruwan nan tukuna don a nan ake cin mutane ba su sani ba. Sun ce kashi 3 a wata ko? Ki tambaye su: a kan me ake lissafa ukun, a kan kuɗin da aka ba ni tun farko ko a kan abin da ya rage a kaina? Kusan kullum a kan na farkon ne. Misali an ba ki 1,000, wata shida, ruwa 30 duk wata, jimla 180, za ki biya 1,180. To amma ai ba ki riƙe 1,000 ɗin wata shida ba, tun satin farko kin fara mayarwa, a wata na uku rabi ne kawai a hannunki, a wata na shida ɗan guntu ne ya rage amma har yanzu 30 ɗin nan ake caja kamar duka kuɗin na wajenki. In aka yi lissafin gaskiya ruwan ya kai kusan kashi 5 a wata, in biyan sati-sati ne ma ya ɗan haura, wato a shekara kina maganar kashi 60 zuwa sama. Ban sa kuɗin fom ba, ban sa inshora ba, ban sa ajiyar dole da wasu ke cirewa tun kafin kuɗin ya shigo hannunki ba, a rubuta 1,000 a takarda a miƙa miki 880 amma ruwan a kan 1,000 yake tafiya.

Ba wai ina cewa duk ɓarayi ba ne. Ba da ƙananan rance yana da tsada da gaske, ma'aikaci ɗaya zai bi mutum ɗari biyu ko uku ƙafa da ƙafa saboda kuɗin da babban banki zai ba mutum ɗaya da sa hannu ɗaya, albashi da abin hawa duk a cikin ruwan nan suke fitowa. Amma akwai inda abin ya tashi daga biyan ɗawainiya ya koma kasuwanci tsagwaronsa. A Meziko akwai wani bankin ƙananan rance mai suna Compartamos, da ƙungiyar taimako ya fara, a 2007 aka sayar da kashi 30 na hannun jarinsa aka tara sama da dala miliyan 400, alhali ruwan da yake caja mata talakawa ya kusa kashi 100 a shekara. Shi kansa Yunus ɗin da malam ya kawo ya fito ya soki abin. A Indiya kuma wani kamfanin ƙananan rance mai suna SKS ya shiga kasuwar hannun jari a 2010, a shekarar ne kuma abin ya fashe a jihar Andhra Pradesh, kamfanoni sun yi wa ƙauyuka rubdugu, mace ɗaya tana da bashin wuri uku huɗu tana karɓa nan ta biya can, aka fara samun rahotannin mutane suna kashe kansu saboda matsin masu karɓar bashi, gwamnatin jihar ta kafa doka a watan Oktoba ta taka musu birki, yawancin mutane suka daina biya.

Sai maganar "kowace ta tsaya wa 'yar'uwarta". Da daɗin ji, amma ma'anarsa in ɗaya ta kasa ku huɗun za ku haɗa ku biya, kuma ba a tashi daga miting sai kuɗin ya cika. Shi ya sa za ki ji suna alfahari wai kashi 98 suna biya. E suna biya, amma ba wanda yake tambaya da me aka biya. Na ga wadda ta sayar da akuyarta, na ga wadda ta ciro yaro daga makaranta, na ga aminai na shekara ashirin sun daina gaisawa. Jinginar da suka ce babu, akwai ta, mutuncinki ne a idon maƙwabta. Ranar da na tsaya a ƙofar wata mata mijinta na kwance ba lafiya ina jiran kuɗin sati saboda ni ma in ban cika adadin da aka ɗora min ba albashina ne zai taɓu, daga ranar na fara neman wani aikin.

Ɗan_Kasuwa_Ƙarami:

Ban musa ba yallaɓai, ni ma akwai satin da sai da na ranto a wajen ƙanina na biya. Amma in ba su ba wa zai ba mu? Mai ba da bashin unguwa ruwansa ya ninka nasu ba sau ɗaya ba.

Tsohon_Jami'in_Rance:

Wannan kam gaskiyarka ce, kuma shi ya sa ban ce mata kar ta karɓa ba. Cewa na yi ta san me take sa wa hannu.

Uwar_Adashe:

Ƙanwata bari in yi miki maganar ɗaya ɓangaren tunda maza sun tsaya a kan banki. Ni shekara tara ina cikin irin ƙungiyar da kika ce an gayyace ki, sau uku ana zaɓata mai riƙe littafi.

Da farko ki bambance abu biyu don mutane na haɗa su. Akwai adashe wanda kowa ya sani, a zuba, mutum ɗaya ya kwashe, wani zagayen wani ya kwashe har a zagayo. Wannan akwai shi a ƙasashe da yawa na duniya, a Meziko tanda suke ce masa, a Indonesiya arisan, masu Faransanci su ce tontin, a Kenya suna da chama. Amfaninsa ɗaya ne babba, yana mayar da ƙananan kuɗin da za su narke a hannu su zama dunƙule guda da za a yi abu da shi. Aibinsa kuma ba ya duba lokacin buƙatarki, in kwasarki ta wata na takwas ce kuma yaro ya kwanta a wata na biyu sai dai ki roƙi wata ta yi miki musanye, ga kuma masu kwasa da wuri su ɓace.

Na biyun shi ne asusun ajiya da rance, wanda kuɗin ba a kwashe shi, taruwa yake yi ana ranta wa mambobi. Abin da zai ba ki mamaki, tsarin da aka fi bi yanzu a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya a Nijar aka fara shi a 1991, ƙungiyar agaji ta CARE ce ta fara da mata, sunan shirin ma Mata Masu Dubara. Yadda yake tafiya, mutum 15 zuwa 30 ne, ba a so a wuce haka don kowa ya san kowa. Akwai akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mutum uku daban, akwatin kuma yana gidan ta huɗu wadda ba ta da makulli ko ɗaya, ba a buɗe shi sai a gaban kowa, a ƙirga kuɗi da ƙarfi kowa na ji. Duk sati kina zuba abin da kika iya cikin iyakar da aka yarda, in kina son rance ana ba ki har ninki uku na abin da kika tara, ki biya cikin kamar wata uku da ɗan abin da ƙungiya ta yanka a kai. Sannan akwai ƙaramin asusu na daban na taimakon gaggawa, rashin lafiya ko rasuwa ko gobara, shi wannan ba rance ba ne. Bayan kamar shekara a fasa akwati a raba, kowa gwargwadon zubinta.

Abin da ya sa na fi son shi, ɗan abin da kika ɗora a kan rancen ba wani ofis yake tafiya ba, cikin akwatin yake komawa, ranar rabo da ke za a raba. Kuma in kika samu matsala waɗanda suka san halin da kike ciki ne za su yanke hukunci, ba wanda aka ba adadin da zai cike ba, kamar yadda tsohon jami'in rance ya faɗa da bakinsa.

Amma kar in yi miki irin ta masu banki in ɓoye aibu. Kuɗin kaɗan ne, tunda daga aljihun talakawa 'yan'uwanki yake fitowa, a watannin farko akwatin ba ya iya sayen keke. Lokacin da kowa ke son rance kuma lokaci ɗaya ne, sai a yi ta jira. Mun taɓa samun shekarar da wata ta karɓa ta bar gari, muka raba asarar a tsakaninmu, ba kotu ba ɗan sanda. Ni dai ban zama mai kuɗi ba, ƙarya ne in ce na zama. Abin da ya canza, shekara tara ban sayar da kayan sana'ata don biyan asibiti ba, da kuwa duk shekara sai na koma farko.

Ɗalibin_Tattali:

Anti Uwar_Adashe maganarki ta ƙarshe ita ce kusan abin da masu bincike suka gano, sai dai su sun kashe shekaru da kuɗi kafin su faɗe ta. Bari in ɗan kawo abin da na karanta, ku yi haƙuri zai yi tsawo.

Shekara da shekaru hujjar da ake kawowa labarai ne irin na Ɗan_Kasuwa, kuma ba ƙarya yake yi ba, matsalar ita ce wanda ya yi nasara shi ake ɗauka hoto, kuma mai yiwuwa mutum ne mai ƙoƙari da ko ba rancen ma zai taso. Har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2005 a matsayin shekarar ƙananan rance kafin a yi gwajin kirki. Daga baya aka fara gwaji irin na magani, a zaɓi unguwanni ko mutane ta hanyar ƙuri'a, wasu a kai musu rance wasu a bar su, bayan shekara ɗaya zuwa uku a dawo a gwada. A 2015 aka fitar da sakamakon irin wannan gwajin guda shida tare, daga Indiya, Maroko, Meziko, Mongoliya, Bosniya da Habasha. Abin da aka gani, mutane da yawa ma ba su karɓi rancen ba da aka kai musu, waɗanda suka karɓa sun ɗan faɗaɗa sana'a, amma in aka ɗauki kowa da kowa kuɗin shigar gida bai tashi yadda za a ce an fita daga talauci ba. Ba a kuma ga cewa yawanci ya cutar da su ba. Wato duka masu cewa mu'ujiza ce da masu cewa guba ce ba wanda ya ci gardamar. Cikin masu wannan aikin akwai Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu Nobel ta tattalin arziki a 2019 tare da Michael Kremer.

To amma ga inda ya shafe ki kai tsaye anti Tela. Da aka koma birnin Hyderabad, inda aka yi gwajin na Indiya, bayan shekaru aka sake dubawa, sai aka ga ribar ta taru ne a wajen mutanen da dama suna da sana'a kafin rancen ya zo, su kam kasuwancinsu ya girma kuma ya ɗore. Waɗanda suka buɗe sana'a don kawai an kawo kuɗi ba su ga wani abin kirki ba. Ke kin ce shekara shida kina ɗinki har kina mayar da kwastoma, to kina cikin rukunin farko, ƙawayenki biyu da suka cike fom ne zan so in san me za su yi da kuɗin, tunda ke za ki biya in sun kasa.

Wani gwajin kuma a birnin Kolkata na Indiya, an ba wasu mata hutun wata biyu kafin su fara biya, wasu kuma aka ce su fara nan take kamar yadda aka saba. Masu hutun sun fi zuba kuɗin a abu mai riba kuma bayan shekaru sun fi samu, sai dai waɗanda suka kasa biya a cikinsu sun fi yawa, shi ya sa bankuna ba sa son bayarwa. Dalilin a fili yake, in an ce ki fara biya sati mai zuwa dole ki ajiye wani ɓangare na rancen a gefe don biyan satuttukan farko, kin ga kina biyan ruwa a kan kuɗin da ba ki taɓa juyawa ba.

Ita ma ƙungiyar akwati an gwada ta a Gana da Malawi da Yuganda, an ga sana'o'in gida sun ƙaru kuma mata sun ƙara samun ta cewa a gida, amma abin da gida ke kashewa a kan ci da sha bai canza sosai ba.

Wanda ya fi nuna alamar fitar da mutum daga ƙangin talauci na can ƙasa ba ma rance ba ne. Ƙungiyar BRAC ta Bangladash, wadda Fazle Hasan Abed ya kafa a 1972, ita da kanta tana ba da rance amma ta lura mafiya talauci ba sa zuwa, in sun zo ma cinye kuɗin suke yi saboda yunwa, kuma wa zai zarge su. Sai a 2002 ta fito da wani shiri, a ba gida kyautar abin sana'a kamar saniya ko awaki, a koya musu kiwon, a riƙa ba su ɗan kuɗin abinci na wasu watanni don kar su sayar da dabbar, a buɗe musu ajiya, a riƙa ziyartarsu har kamar shekara biyu. An gwada shi a Habasha, Gana, Honduras, Indiya, Pakistan da Peru, sakamakon ya fito a 2015, a yawancinsu ci da samu da dukiyar gida sun tashi kuma ba su koma ba shekara guda bayan an janye hannu. A Honduras ne abin bai yi ba, kaji aka raba cuta ta kashe da yawa.

Wani abu na ƙarshe don in yi wa masu banki adalci. Bayan rikicin Andhra Pradesh da yallaɓai ya ambata, kamfanonin da suka yi asara a can sun rage ba da rance a wasu jihohin Indiya, kuma bincike ya nuna a waɗannan yankunan ladan ƙwadago da abin da gidaje ke kashewa sun sauka. Kenan cire shi ma yana da ciwo.

Tela_Mace:

Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri, wallahi lissafin 1,000 ɗin nan sau uku na karanta shi. Ɗalibi ka taɓo inda yake min ciwo, ɗaya daga cikin ƙawayen nawa biki za ta yi da kuɗin, ta faɗa min da bakinta, a fom kuma ta rubuta sana'a.

Saura abu ɗaya da ban faɗa ba tun farko, maigidana ba ya son maganar ruwan nan sam saboda addini, ni ma kuma raina bai kwanta ba. Akwai inda ake irin wannan ba ruwa kuma abin ya ɗore, ko mafarki ne?

Ɗalibin_Tattali:

Akwai anti. Wanda aka fi sani shi ne Akhuwat a Pakistan, Dokta Amjad Saqib ya fara a Lahore a 2001 da rance ɗaya na rupi 10,000 ga wata mata da mijinta ya rasu, yanzu yana cikin mafiya girma a duniya a masu ba da rance ba ruwa. Sunan daga 'yan'uwantakar da aka ƙulla tsakanin Muhajirai da Ansar a Madina aka ɗauko shi. Suna rage kashe kuɗi ta hanyar raba rancen a masallatai da sauran wuraren ibada, ɗawainiyar kuma gudummawa ce ke ɗauka, da kuɗin da gwamnati ke ba su su raba, har waɗanda suka karɓa suna sa abin da ya sawwaƙa in sun samu. Kin ga ba wai tsadar ta ɓace ba ne, wani ne yake ɗauke ta. Inda babu mai ɗaukewa, hanyar da bankunan Musulunci ke bi ita ce murabaha, su sayi keken da kansu su sayar miki da riba sananniya ki biya kaɗan-kaɗan. Shi ma ki yi masa lissafin da yallaɓai ya koya miki, don wani lokacin jimlar ba ta fi sauƙi ba.

Uwar_Adashe:

Mu ma a tamu ƙungiyar wannan gardamar ta taso a shekara ta biyu, muka je muka yi tambaya, daga baya muka cire ɗorin gaba ɗaya. Yanzu rance ba ƙari, in abin sana'a ne babba ƙungiya ta saya ta sayar wa mamba da riba, ribar ta shiga akwati. Rabon ƙarshen shekara ya ragu ba kamar da ba, mutum biyu suka fita saboda haka, sauran muka ci gaba. Ki tambayi waɗanda suka gayyace ki wane tsari suke bi kafin ki fara zubi.

Tsohon_Jami'in_Rance:

Hajiya in dai mai bikin nan tana cikin biyar ɗinku kar ki sa hannu, ko ba maganar ruwa. Kuma kafin ki je ko'ina ki ɗauki wata guda kina rubuta ɗinki nawa kika mayar da nawa za ki samu a kansu, sannan ki je wajen mai sayar da keken ki tambaye shi ko zai karɓi rabi yanzu rabi a wata uku, da yawansu suna yarda in sun san mutum kuma ba wanda yake tambayarsu.

Tela_Mace:

Wallahi ban taɓa tunanin tambayarsa ba, kuma shekara shida a wajensa nake sayen allura da man keke. Gobe in sha Allah zan biya ta shagon. Anti Uwar_Adashe zan yi miki magana ta gefe, ina son ki nuna min yadda kuke rubuta littafin nan.